Idan An Tura Ka Aikin Da'awa Ƙasar Waje: Jagora Ga Matashin Sakkwato

Da zarar Sha'aban ya kama, za ka ji labarin samari daga Sakkwato da ake shirin turawa ƙasashen maƙwabta. Wani ƙungiyarsu ce ta zaɓe shi, wani malaminsa na zaure ne ya ce ya je, wani kuma ɗan kasuwar albasa ko shanu ne da ya gina masallaci a Kumasi ta Gana ko Jugu ta Benin ya aiko gida a samo masa wanda zai riƙa karantar da yara. Wasu watan azumi kaɗai za su yi, wasu shekara, wasu sai abin da hali ya yi. Wannan bayani naka ne, ƙanena, idan kana cikinsu. Ba zan koya maka karatu ba, malamanka sun yi wannan. Zan yi magana ne a kan abin da ke kewaye da karatun, domin galibin waɗanda suka dawo ba shiri, ba ƙarancin ilimi ya koro su ba. Takarda ce ta ƙare, ko kuɗi ya shiga tsakani, ko baki ya riga hankali a makon farko.

Tafiyar ba sabon abu ba ce a wurinmu. Shehu Usmanu yana da kimanin shekara 20 ya fara fita wa'azi daga Degel, ya je Kabi, ya yi kusan shekara 5 yana zaga Zamfara. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, ya bi fataken goro har Salaga, ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa a Kete Karachi cikin Gana ta yau, inda ya rasu a 1934. To amma su ba su san fasfo da katin allura ba. Kai dole ka sani.

Mataki na farko: ka san wa ya aike ka, wa zai karɓe ka

Kafin ka gaya wa abokai cewa za ka fita, ka zauna da wanda ya aike ka, ka yi tambayoyin da kunya ke hana samari yi. Wane gari, wace unguwa, wane masallaci? Wa ya nemi a turo malami, jama'ar masallacin ne gaba ɗaya ko mutum ɗaya? Akwai limami a wurin, kuma ya san da zuwanka? Wannan ta ƙarshe ita ce babba. Matashin da ya sauka ya tarar limamin da ya yi shekara 30 yana jan salla bai san da maganar ba, ya shiga rigima tun bai kwance kaya ba, kuma ba shi ya haɗa ta ba.

Sai maganar ciyarwa da alawus. Nawa ne, da kuɗin wace ƙasa, wa zai bayar, ranar nawa ga wata? Wa zai biya kuɗin asibiti idan ka kwanta? Kuɗin motar dawowa fa, yana hannun wa? Za a ce maka, "Haba Malam, aikin Allah ne, ka tafi kawai." Gaskiya ne aikin Allah ne, kuma Allah ɗin ne ya yi umurni a rubuta bashi a aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani. Ka ce da ladabi, "Allah shi gafarta Malam, ina so a rubuta mini don Baba ya gani, hankalinsa ya kwanta." Ba wanda zai ƙi wannan sai wanda dama bai yi niyyar cikawa ba. A rubuta, a sa hannu, ka bar kwafi a gida.

Ka nemi wasiƙar gayyata daga can, mai ɗauke da sunan masallaci ko makarantar da lambar wayar mai masaukinka, da kuma wasiƙar gabatarwa daga nan. Idan ƙasar masu Faransanci ce, a rubuta gayyatar da Faransanci, domin jandarman da zai tare ka a hanya ba ya karanta Hausa, balle Larabci.

Izinin iyaye kuwa ba sai na tsaya a kansa ba, ka san hukuncinsa. Abin da zan ƙara shi ne: idan kana da mata, ka bar mata abinci da kuɗin cefane na lokacin da aka ƙayyade, kuma ka faɗa mata ranar dawowa ta gaskiya.

Mataki na biyu: takardu

Ka fara wannan da wuri, aƙalla wata biyu kafin tafiya. Fasfo a Hukumar Shige da Fice ake yinsa, kuma sai da lambar NIN, saboda haka ka duba cewa sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a duk takardunka. Abubakar a nan, Bubakar a can, wannan kaɗai ya isa ya riƙe ka makonni. Akwai fasfo na shekara 5 da na shekara 10, akwai kuma takardar tafiya ta ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, mai aiki shekara 2, wadda ta isa ga wanda ba zai wuce ƙasashen ƙungiyar ba.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Ka lura da adadin. Mai tafsirin azumi ba ruwansa, amma wanda zai yi shekara dole ya nemi izinin zama kafin kwanakin su cika, kuma masu masaukinsa ne ya kamata su raka shi ofishin. A Gana akwai katin shaida na baƙi da ake buƙata ga wanda zamansa ya kai kwana 90. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka kada ka dogara da labarin wanda ya je shekarun baya. Ka tambayi direbobin da suka dawo cikin makon nan, ka kuma tambayi jami'an shige da fice.

Katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, shi ma dole ne. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka yi allurar da gaske. Akwai masu sayar da kati ba allura. Wanda ya saya ya yaudari jami'in kan iyaka, amma sauron daji bai duba kati. Ka yi ta sanƙarau ma idan ba ka yi ba.

Duk takardun nan ka ɗauki hotonsu a waya, ka tura wa wani a gida, ka kuma yi kwafi biyu na takarda. Idan fasfo ya ɓata, ofishin jakadancin Najeriya a Akara, Yamai, Kwatano ko Lome zai iya ba ka takardar gaggawa ta komawa gida, kuma kwafin nan ne zai sauƙaƙa maka.

Mataki na uku: kaya

Kada ka cika jaka da littattafan da za ka burge mutane. Ka ɗauki waɗanda za ka karantar: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Arba'una Hadisi, tafsiri guda da ka saba da shi, da Alƙur'ani biyu, na ruwayar Warshu da na Hafsu. A garuruwa da yawa dattawa da Warshu suka yi karatu, yaran Islamiyya kuma da Hafsu, kai kuwa duka biyun za su zo gabanka. Sauran manyan littattafai ka zuba su a waya. Idan kudu za ka, wajen Kumasi ko Akara, ka saka littattafan cikin leda mai kauri, domin laimar can ba irin tamu ba ce. Littafin da ya yi shekara 10 lafiya a Sakkwato zai yi funfuna cikin damina ɗaya.

Gidan sauro, tocila, ƙaramin batirin cajin waya, takalmin roba, kayan sawa masu sauƙin bushewa. Babbar riga guda ta Juma'a da Idi ta isa. Ka tafi da tsaraba ga mai masauki da limami: turare, hula, dabino, ko kilishi. Ba tsadarta ake dubawa ba. Kuɗin motar dawowa kuma ka ɗinke shi wuri daban, ka manta da shi.

Mataki na huɗu: hanya

Mai zuwa Nijar ta Illela zai bi, kimanin kilomita 85 daga Sakkwato, ya tsallaka Birnin Ƙonni, daga nan ko Tawa, ko Dosso da Yamai, ko Maraɗi. Mai zuwa Benin da Togo da Gana a da yakan bi Birnin Kebbi zuwa Kamba, ya shiga Gaya, ya haye gadar kogin Kwara zuwa Malanbil ta Benin, sannan Kandi da Paraku. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 wannan gada ta daɗe a rufe, har mutane suka koma ƙetarewa da kwalekwale, wasu kuma suka gwammace su zagaya ta Legas su bi bakin teku. Ka tabbatar da halin da ake ciki kafin ka yanki tikiti. Ka yi tafiyar rana, ka shiga mota a tasha, kuma kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko da an ce maka littattafai ne.

A kan iyaka ka tabbata an buga maka hatimin fita da na shiga. Yaran mota za su ce maka, "Malam, bar shi, mu zagaya ta baya, ya fi sauri." Ya fi sauri yau, ranar da za ka nemi izinin zama za a tambaye ka ta ina ka shigo. Idan jami'i ya tambayi aikinka, ka ce malamin makaranta ne kai, ka miƙa wasiƙar gayyata. Yankin nan yana fama da 'yan bindiga masu fakewa da addini, saboda haka saurayi mai gemu da jakar littattafan Larabci zai sha tambaya. Kada ka ɗauke ta cin mutunci. Ka amsa a natse, kuma ka share duk wani bidiyon tashin hankali da aka turo maka a WhatsApp tun kana gida.

Kana kan hanya kana da kasaru, tunda tafiyar ta wuce mil 48, wato wajen kilomita 80. Amma a mazhabar Malikiyya da ka sauka da niyyar zaman kwana 4 cikakku, kasaru ta ƙare. Ka daidaita agogo kuma: Nijar, Benin, Kamaru da Chadi lokacinsu ɗaya da namu, Togo da Gana suna bayanmu da awa guda.

Mataki na biyar: makonni biyu na farko

A nan ake gyarawa, a nan ake ɓatawa, shi ya sa zan daɗe a kai.

Mus'abu ɗan Umairu, saurayin da Annabi (SAW) ya tura Madina kafin hijira, bai sauka a kasuwa ya ɗaga murya ba. Gidan As'adu ɗan Zurara ya sauka, As'adu ne ya riƙa kai shi unguwa-unguwa, shi ya san wanda idan ya gamsu danginsa za su biyo shi. Kai ma mai masaukinka ne ƙofarka. Ka roƙe shi ya kai ka gaisuwa: limamin Juma'a, sarkin zango ko mai unguwa, tsofaffin malaman garin, har da waɗanda ba ɓangarenku ɗaya ba. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa yadda ka saba a gida, ka ce, "Baba, ni ɗanku ne, an turo ni in taya yara karatu, in na yi kuskure a gyara mini." Dattijon da ka fara zuwa gaishe shi da wuya ya tashi ya yaƙe ka a bainar jama'a. Wanda ya ji labarinka daga lasifika kuwa, ya riga ya yanke hukunci.

Idan an miƙa maka limanci a ranar farko, ka ƙi da ladabi. Ka bi bayan limamin, ka ga yadda suke yi. Suna sakin hannu ko suna kamawa? Suna ƙunutu da Asuba? Suna addu'a tare bayan sallama? Suna wazifa da zikirin Juma'a? Ka gani, ka yi shiru. Kana da ra'ayi a kan waɗannan, na sani, kowane ɗalibi a Sakkwato yana da shi. Amma mutanen nan sun yi shekaru suna zaune da saɓaninsu, wani wuri sun sasanta bayan an sha wuya; Gana ta ga rikicin 'yan ɗariƙa da Ahlussunna a garuruwa irin su Tamale da Kumasi, kuma dattawan can ba su manta ba. Kai da za ka koma gida bayan wata shida, bai dace ka tono abin da za ka bar su da shi ba. Wasiyyar da aka yi wa Mu'azu da Abu Musa lokacin da aka tura su Yaman ita ce su sauƙaƙa kada su tsananta, su yi bushara kada su kore mutane. Ka fara da abin da kowa ya yarda yana buƙata: tsarki, alwala, gyaran Fatiha, hukuncin ƙabli da ba'adi, haƙƙin iyaye da maƙwabta, gaskiya a ciniki. Za ka yi mamakin yawan magidantan da ke jin kunyar tambayar wankan janaba, suna jiran wanda zai yi bayaninsa ba tare da ya kunyata su ba.

Za a zo a gwada ka. Wani saurayi zai tashi bayan karatu, waya a hannu tana ɗauka, ya ce, "Malam, mene ne hukuncin wanda ke yin kaza?" alhali kowa a masallacin ya san da wa yake. Amsarka: "Wannan tambaya ce mai kyau, amma ni baƙo ne, mu je wurin Liman tare bayan salla." Daƙiƙa 30 na bidiyo sun isa su rufe maka gari, kuma kafin ka kwanta an gani a Sakkwato.

Siyasar ƙasar kuma ba taka ba ce. Kada ka zagi gwamnatinsu, kada ka yabi ɗan takara, kada ka karɓi gayyatar buɗe taron jam'iyya da addu'a. Ƙasashe suna da dokokin wa'azi. Nijar ta yi dokar tsara harkokin ibada a 2019. Ka tambayi masu masaukinka ko ana neman izini kafin wa'azin fili, su nemo.

Ganin wata ma haka. A gida muna jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, amma a can hukumar ƙasarsu za ka bi. Yakan faru Nijar ta ɗauki azumi ko ta yi Salla da bambancin kwana guda da Najeriya. Kada ka tara mutum biyar ku yi Idinku daban don an kira ka daga gida.

Mataki na shida: harshe

Idan Ƙonni ko Tawa aka kai ka, Sakkwatancinka ya isa, gida ka je. Yamai da Dosso za ka haɗu da Zabarmanci, Gaya da Malanbil da Jugu Dandanci, Sokode ta Togo harshen Kotokoli, Tamale Dagbani, Kumasi kuma Tuwi. A zangunan Gana ana jin Hausa, sai dai tasu ce: za ka ji an ce wa mace "ya zo", kuma ba a damu da ƙ da ɗ ba. Kada ka yi dariya, kada ka gyara. Kai ne za ka rage gudu, ka bar karin magana masu zurfi, ka bar "awo" da "mi kaka so" sai kun saba.

Ka koyi gaisuwa, godiya, ƙirga da ban haƙuri da harshen garin cikin makon farko. Yaran makarantarka ne malamanka a nan, kuma suna jin daɗin ganin Malam yana kuskure.

Idan da tafinta za ka yi karatu, ka zauna da shi kafin kowane zama, ku bi darasin tare. Ka yi gajerun jimloli, ka tsaya ya fassara. Ka samu mutum na uku mai jin harsunan biyu ya riƙa saurare lokaci-lokaci, domin akwai tafintan da kai ka ce makaruhi ne, shi ya ce haramun ne, don yana ganin hakan ya fi tsoratarwa.

Mataki na bakwai: yadda yini ke tafiya

Mutane suna zaton rayuwar mai da'awa taro ce da lasifika. Yawancinta ba haka ba ne. Bayan Asuba manya huɗu ko biyar za su zauna a gyara musu karatu kafin su tafi kasuwa. Da hantsi yara suna boko, gari ya yi tsit, kai kaɗai a ɗaki. Wannan lokacin shi ne mafi hatsari kuma mafi amfani: ko ka yi muraja'a, ka shirya darasi, ka wanke kayanka, ko kuma waya ta cinye shi. Ka tsara shi tun ranar farko. Bayan La'asar yara za su cika farfajiyar, masu Baƙi da Fatiha da masu izu biyu duk a tabarma ɗaya, sai ka raba su rukuni, ka ɗora manyan a kan ƙananan. Tsakanin Magariba da Isha'i karatun fiƙihu na magidanta. A Akara rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, ba kamar Sakkwato da Magariba ke kaiwa 7 da damina ba, don haka ka bi jadawalin garin.

Hutun Alhamis da Juma'a da ka saba da shi a makarantar allo ba lallai ya yi aiki ba. A wurare da yawa Asabar da Lahadi ne yara ke samun zuwa sosai. Ka bi yadda iyaye suka tsara. Bulala kuwa ka bar ta a gida. Ɗan wani ne, a ƙasar wani, ƙarƙashin dokar da ba ka sani ba.

Karatun mata ka ba shi muhimmanci, ɗan garin Nana Asma'u bai da uzurin yin sakaci da shi. Amma a fili, cikin jama'a, da sanin mazajensu, kuma da wata dattijuwa da za ta riƙa tattara tambayoyi. Ɗakinka ba wurin fatawa ba ne, lambar wayarka ma ba ta hirar dare ba ce. Akwai yiwuwar wani ya ce zai ba ka 'yarsa. Ka gode, ka ce sai ka shawarci iyayenka, kuma ka shawarce su da gaske. Auren da aka ɗaura cikin zumuɗin azumi, bayan Salla ake fara tambayar a wace ƙasa za a zauna.

A kudancin Gana, Togo da Benin maƙwabcinka na iya zama Kirista ko mai addinin gargajiya. Ƙidayar Gana ta 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne, kuma gida ɗaya yakan haɗa addini biyu. Babban limamin ƙasar, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya ziyarci wani cocin Katolika a Akara a 2019 lokacin cikarsa shekara 100, abin da ke nuna maka irin zaman da suke yi. Ka gaida maƙwabci, ka duba shi idan ba shi da lafiya, ka rage ƙarar lasifika da dare. Wanda ya zo da tambaya ka amsa masa, kada ka zagi abin da uwarsa ke bautawa.

Mataki na takwas: kuɗi, ciki da jiki

A kasuwar Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai tumatir ta ce "ashirin", sefa 100 take nufi. "Ɗari" sefa 500 ce. Jikka kuma 1,000, ba naira 200 da tsofaffinmu ke kira jikka ba. Gana sidi ake kashewa, kuma ana yawan biyan kuɗi ta waya. Ka canza kaɗan a kan iyaka, sauran ka bari mai masaukinka ya kai ka wurin wanda ya sani.

Ka sayi ƙaramin littafi ka raba shi biyu: kuɗinka, da kuɗin jama'a. Duk abin da aka ba ka don masallaci, marayu ko sayen allo, ka rubuta a gaban mai bayarwa, ka miƙa wa ma'ajin kwamiti a ranar. Mafi kyau ma ka ce a kai masa kai tsaye. Kada ka ci bashin ɗalibi, kada ka shiga kasuwanci da uban ɗalibi. Za a zo neman addu'a da kuɗi a hannu. Ka yi addu'ar, ka koya wa mutum ya yi da kansa, ka mayar da kuɗin. Ranar da aka san ana biyanka, layin ƙofarka zai fi na makarantar tsawo, kuma ba abin da aka aiko ka yi ke nan ba.

Abinci kuwa ka ci abin da aka kawo. Koko da ƙosai da wake da shinkafa za ka same su har Akara, tuwon zafi ma yana nan a arewacin Gana. Banku da dokunu masu tsami ne, sakwara da miyar ƙwaƙwa sai an saba, yajin kuma ba wasa. Ka fara da kaɗan, ka yaba wa uwargida, kada ka riƙa cewa "a wurinmu ba haka ake yi ba". Nama ka saya wurin mahautan zango. Ruwa ka tafasa ko ka sha na leda da aka san kamfaninsa.

Zazzaɓin cizon sauro a Sakkwato na damina ne, a kudu kuwa duk shekara ne. Ka kwana cikin gidan sauro ko da zafi. Idan jiki ya yi zafi ka je a gwada jini a ranar, kada ka ce sai an gama tafsiri. Kewar gida ma ciwo ce, takan taso wajen mako na uku, idan ɗokin sabon wuri ya wuce. Ka sa rana guda a mako ta kiran Inna da Baba, wata kuma ta kiran malaminka, ka ajiye masa tambayoyin da suka fi ƙarfinka. "Ban sani ba, zan tambayo" ba ta rage wa malami komai a idon masu hankali.

Mataki na ƙarshe: shirin dawowa

Wannan tun watan farko ake fara shi. Ka duba cikin ɗalibanka ka zaɓi biyu ko uku 'yan garin, masu haƙuri da yara, ka ƙara musu karatu na musamman, ka riƙa ba su aji kana zaune kana saurare. Idan akwai mai ƙwazon da iyayensa suka yarda, ka yi magana da malamanka a nema masa gurbi a Sakkwato, a zaure ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo idan takardunsa sun kai. Littattafan da ka zo da su ka bar musu, ka rubuta waƙafi a bangon kowanne.

Saura mako biyu, ka zauna da kwamiti ku rufe lissafi, a karanta a gaban shaidu. Ka biya mai shago da mai wanki. Ka sake zagaya duk dattawan da ka gaida da farko, ka nemi gafara, ka yi sallama. Kada ka yi alƙawarin dawowa baɗi ko na samo wa wani biza da aiki idan ba a hannunka abin yake ba. Ka duba ranar da ke kan izinin zamanka, ka fita kafin ta cika, a buga maka hatimi.

Idan ka iso, bayan ka huta, ka rubuta wa waɗanda suka aike ka rahoto na shafi biyu ko uku: yara nawa, ina kowane rukuni ya tsaya a karatu, wa ka bari a kan aji, waɗanne dattawa ne ya kamata a fara gaidawa, wace magana ce ba a taɓawa a garin, nawa abinci da mota suke ci a wata. Ka ba su kwafi ɗaya, ɗaya kuma ka ajiye don saurayin da za a tura bayanka.